Wuƙar da ke Jiran Amsar Majinyaci

Duk zafin da jiki zai ji sai ya biya ta ƙwaƙwalwa kafin mutum ya ce wayyo, amma ita kanta ƙwaƙwalwar ba ta jin zafi. A taɓa ta, a tsaga ta, a ƙona gefenta don tsayar da jini, mai ita ba zai sani ba. Fatar kai tana ji, naman gefen kunne yana ji, tantanin nan mai kauri da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa shi ma yana ji, sai dai duk waɗannan allurar kashe zafi tana iya musu. A kan wannan hikima ta halitta likitoci suka gina wani aiki da nake ganin samun na biyunsa a ɗakin tiyata sai an tona: a buɗe ƙoƙon kan mutum, a tashe shi daga barci da gangan, a riƙa yi masa tambaya yana amsawa, likita kuma yana bin amsoshin don ya san inda zai yanka da inda zai janye hannu.

Ba don burgewa ake yi ba, larura ce ta kawo shi. Akwai wani irin ƙari da ke tsirowa daga cikin naman ƙwaƙwalwa, likitoci suna ce masa giliyoma. Ba ya da ɓawo, ba ya da iyakar da ido zai gani ya ce nan ciwo ya ƙare, nan lafiyayyen nama ya fara. Ratsawa yake yi, launinsa ma sau da yawa kusan ɗaya ne da na maƙwabtansa. In likita ya ji tsoro ya ɗebi kaɗan, abin zai dawo da wuri. In ya zurfafa hannu, yana iya haɗawa da gurbin magana ko na motsa hannu, mutum ya farka da rai amma ya kasa kiran sunan matarsa. Gaba kura, baya sayaki.

Nau'in da ke girma a hankali ya fi kama masu shekara 20 zuwa 40 da wani abu, kuma sau da yawa alamarsa ta farko farfaɗiya ce ga wanda bai taɓa yi ba tun yarinta. A ƙasar Yawuri wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ya faɗi a kasuwar albasa ta Yelwa zai sami masu tallafa masa, amma masuncin da abin ya buge yana tsakiyar tafkin Kainji, daga shi sai koma da filafili, sai dai wani ikon Allah. Galibin masu farfaɗiya ba ƙari ne da su ba, ƙwayoyin da likita zai rubuta sun ishe su. Amma babba da ya fara faɗuwa rana tsaka, musamman in da ciwon kai mai naci ko nauyin baki ko sanyin hannu ɗaya, hoton ƙwaƙwalwa yake buƙata, ko da ana ci gaba da addu'a da tofi a gida. Hanyar irin wannan majinyaci daga Warra ko Shanga takan bi ta Koko da Jega da Tambuwal ta kai shi Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, wadda ba a ba da tarihinta a tsallake sunan Farfesa Bello Bala Shehu, likitan da daga baya ya shugabanci Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi.

To, tunda akwai na'urar MRI mai nuna cikin kai dalla-dalla, me ya sa sai an tashi mutum? Saboda hoto yana nuna inda ƙari yake, ba ya faɗin abin da zai salwanta in an cire naman da ke gefensa. Tun 1861 Paul Broca na Faransa ya nuna wani wuri a gaban ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa da ke da hannu a furta magana, a 1874 kuma Carl Wernicke na Jamus ya nuna wani can baya mai hannu a fahimtarta. Ɗalibai sun daɗe suna haddace wuraren nan biyu kamar an kafa musu turaku. Sai a 1989 George Ojemann da abokan aikinsa a Seattle ta Amurka suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa majinyata 117 suna farke, aka ga abin ba haka yake ba. Guraben da magana ba ta yiwuwa sai da su ƙanana ne, faɗin kowane bai fi murabba'in santimita 1 zuwa 2 ba, a warwatse suke, kuma na wannan mutum daban, na wancan daban. Daɗin daɗawa, ƙarin da ya yi shekaru yana girma sannu-sannu yakan sa ƙwaƙwalwa ta kwashe wasu ayyukanta ta mayar gefe. Sannan da zarar an buɗe kai, ruwan ciki ya zuba, an fara ɗebe ƙari, ƙwaƙwalwar takan ɗan zame daga inda take a hoton jiya. Milimita kaɗan ne, amma a wannan aiki milimita ita ce tsakanin mai magana da bebe.

Direban jirgin ruwa a Kainji ya san irin wannan hali. Tun da aka gama madatsar a 1968 ruwa ya haɗiye tsoffin garuruwa da tsibirai da itatuwa, kututtura suna nan a ƙasa, ruwan kuma yau ya cika gobe ya janye. Ko an ba shi taswira, in ya shiga wurin da bai yarda da shi ba, gora zai zura ya taɓa ƙasa kafin ya matsa gaba. Gorar likita wani ɗan tsinke ne mai baki biyu, tazarar milimita 5 a tsakaninsu, mai ɗauke da lantarki ɗan mitsitsi.

Dabarar tsohuwa ce. A 1870 Fritsch da Hitzig suka gano a Balin cewa in aka taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwar kare da lantarki, ƙafarsa ta ɗaya ɓarin tana motsawa. Wanda ya mayar da abin sana'a mai tsari shi ne Wilder Penfield, da ya kafa cibiyar nazarin ƙwaƙwalwa a Montreal ta Kanada a 1934, yana yi wa masu farfaɗiyar da ta gagari magani tiyata suna farke. Daga abin da suke faɗa masa ya zana yadda sassan jiki suka jeru a saman ƙwaƙwalwa, inda leɓe da harshe da yatsu suka cinye fili mai yawa, gadon baya kuwa ɗan kaɗan.

Aikin yana farawa ne tun kafin ranar tiyata. Mai gwajin, wanda yawanci masanin gyaran magana ne ko masanin halayyar ƙwaƙwalwa, zai zauna da majinyaci ya nuna masa tarin hotuna yana faɗin sunayensu. A Faransa jerin da aka saba da shi hotuna 80 ne. Duk hoton da ya yi jinkiri a kai ko ya kuskure, cire shi za a yi, domin gobe ana so in ya yi tuntuɓe a tabbata lantarki ne ya sa, ba rashin sani ba. A zaman nan ne kuma ake auna zuciyarsa. Ba kowa ake yi wa wannan aiki ba: ƙaramin yaro, da wanda hankalinsa ya riga ya rikice, da wanda maganarsa ta lalace ƙwarai, da mai tarin da ba ya tsayawa, da mai firgicin da ba ya lallasuwa, duk a barci ake yi musu. Sauran kuwa sai a gaya musu komai ba ɓoye-ɓoye, har ƙarar injin da zai huda ƙashi.

Ranar aiki a kwantar da shi a gefe guda, a zagaye fatar kansa da allurar kashe zafi, a kafe kan da maƙali don kada ya motsa. A asibitoci da yawa ana sa shi barci lokacin buɗewa, da magunguna masu saurin barin jiki irin su furofofol, sannan a tsayar da su. Cikin 'yan mintuna ya buɗe ido. An yi labule tsakanin fuskarsa da inda likita yake aiki, don haka abin da yake gani fuskar mai gwaji ce da allon hotuna. Nan gwanintar likitan sa barci take fitowa, mutumin da ba a cika yabo ba: ya riƙe majinyaci a farke tangaram, ba zafi, ba amai, ba tari, numfashi daidai, alhali kansa a buɗe.

Da farko akan sa shi ƙirga, ɗaya zuwa goma, ya koma ya sake. Likita ya ɗora tsinken a wurin da yake zaton na motsin baki ne, ya fara da miliamfiya 1 ko 2, bugu 50 ko 60 a sakan guda, yana ƙarawa sannu a hankali har ya ga alama. Leɓe ya karkace, ko babban yatsa ya harba, ko ƙirgan ya tsaya cak a kan bakwai. Da ya ɗaga tsinken sai a ji "takwas, tara". Ya sami ma'aunin wannan mutum ke nan. Abin lura shi ne lantarkin ba ya ƙara wa wurin magana ƙarfi, rikita shi yake yi na ɗan lokaci. Wato likita yana ɗanɗana wa majinyaci, na sakan 4 kacal, irin asarar da zai yi har abada in aka cire wurin. In ba a ga komai ba, wurin ya halatta ga wuƙa. In an gani, sai a ɗora wata 'yar takarda mai lamba, wadda aka kashe ƙwayoyin cutar jikinta, a kan ƙwaƙwalwar kanta, alamar nan ba a shiga.

Daga nan sai hotuna. Mu ƙaddara dattijo ne masunci daga Ngaski, mai gwajin kuma yarinya ce sa'ar 'yarsa. Kowane sakan 4 hoto yana canzawa, an kuma koya masa ya riƙa farawa da jimla guda kafin sunan.

"Baba, ga wani."

"Abin da nake gani shi ne kwalekwale."

"Madalla. Wannan fa?"

"Abin da nake gani shi ne... shi ne... kai, 'yar nan, na san shi wallahi."

"Ba komai, Baba, ga na gaba."

Jimlar farkon nan ba ado ba ce. Tunda ya iya furta ta, bakinsa da harshensa lafiya lau suke, sunan ne ya ɓace, kuma wannan gurbi daban ne da wanda ke ɗaure baki gaba ɗaya. Kurakuran ma iri-iri ne, kowane da inda yake nunawa. In aka nuna masa tarwaɗa ya ce karfasa, ya shiga gidan da ya dace amma ya buɗe ɗakin da ba shi ba, matsalar ta ma'ana ce. In ya ce "talwaɗa" ko "tarɗawa", ma'anar tana nan, jerin sautin ne ya hargitse. Wani kuma sai ya maƙale a kan sunan hoton da ya wuce yana ta maimaitawa. Dole mai gwajin ta rarrabe waɗannan nan take ta faɗa da ƙarfi, domin likita ba ya ganin fuskar majinyaci, ita kuma ba ta ganin inda tsinke ya sauka. Wannan rashin ganin da gangan ne, don kada zato ya shiga hukuncinta. Ba a taɓa wuri ɗaya sau biyu a jere, gudun tayar da farfaɗiya, kuma ba a yanke wa wuri hukunci sai an gwada shi kamar sau uku, ana ratsawa da hotunan da ba lantarki. In farfaɗiyar ta taso duk da haka, maganinta yana kan tebur: ruwan gishirin asibiti mai sanyi ƙarara, a kwarara a kan ƙwaƙwalwa, yawanci cikin 'yan sakanni ta lafa a ci gaba.

Saman ƙwaƙwalwa rabin aikin ne. A ƙarƙashinsa akwai damman jijiyoyi farare da ke haɗa sashe da sashe, kuma su ne ba sa yafiya. In an cire wani yanki na sama, maƙwabta sukan karɓi aikinsa a hankali, amma in aka datse babbar hanyar ƙasa, da wuya a sami madadinta. Hugues Duffau na Montpellier a Faransa yana cikin waɗanda suka fi dagewa a kan wannan. A tsarinsa majinyaci ba ya yin shiru duk tsawon lokacin da ake ɗebe ƙari: yana faɗin sunayen hotuna, yana kuma lanƙwasa hannu yana miƙewa a lokaci guda, likita yana tsotse ciwon kaɗan-kaɗan yana taɓa ƙasan ramin da tsinke. Akwai damin da in an taɓa shi sauti ne ke hargitsewa, akwai wanda in an taɓa ma'ana ce ke kaucewa. Inda kuskure ya fara fitowa, nan iyakar take, ko da hoto ya nuna da sauran ƙari a gaba. Wannan ja da baya shi ya fi burge ni a sana'ar. Mutum ya yi shekaru yana koyon yanka, ga ciwo yana kallo ƙuru-ƙuru, amma saboda wani dattijo ya ce karfasa a maimakon tarwaɗa sai ya ajiye kayan aiki. Wani lokaci akan dawo bayan shekara ɗaya ko biyu, a tarar ƙwaƙwalwa ta sake kwashe ayyukanta, a cire abin da aka bari.

Duk wannan sai an yi sauri, domin bayan awa ɗaya zuwa biyu gajiya takan kama majinyaci, kuskuren gajiya ya fara kama da na lantarki.

An daɗe ana ɗauka in mutum ya fito yana magana yana tafiya, aiki ya yi kyau. Penfield da kansa ya ga gurguwar wannan fahimta a cikin gidansu. A 1928 ya yi wa 'yar'uwarsa Ruth tiyatar ƙari, ya cire babban yanki na gaban ɓarin dama. Ta tashi da maganarta da hankalinta. Amma daga baya ya ziyarce ta, ya tarar shirya abincin 'yan baƙi kaɗan ya gagare ta: kowane girki ta iya shi, tsara wanne za a fara da wanne zai biyo ne ya faskara. Yau ana gwada irin waɗannan a kan teburin tiyata. Akan ba majinyaci layi a takarda a ce ya raba shi biyu daidai. In lantarki ya taɓa wata hanya a ɓarin dama sai alƙalaminsa ya zame dama, alamar zai iya farkawa ya daina lura da duk abin da ke hagunsa, ya ci rabin tuwon da ke kwano ya ce ya ƙare. Akan gwada lissafi, da karatu, da gane yanayin mutum daga idanunsa kawai, da iya danne amsar da ta fara zuwa baki. A Disamba 2018, a asibitin Inkosi Albert Luthuli na Durban a Afirka ta Kudu, makaɗin jaz Musa Manzini ya riƙa kaɗa jita ana cire masa ƙari. A Janairu 2020 Dagmar Turner ta yi ta goga gogenta irin na Turawa a asibitin King's College na Landan, Farfesa Keyoumars Ashkan yana aiki a ɓarin dama, mai kula da yatsun hannunta na hagu. Jaridu sun ɗauki abin kamar wasan kwaikwayo, alhali ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da aka gwada shi ake iya karewa, wanda ba a tambaya ba yana iya tafiya ba wanda ya sani.

Alƙaluma sun goyi bayan wahalar. Wani nazari da De Witt Hamer da abokansa suka buga a 2012 ya tattara rahotanni 90 na majinyata 8,091. Inda aka yi gwajin lantarki, kashi 3.4 cikin 100 ne suka ƙare da mummunar naƙasa mai ɗorewa. Inda ba a yi ba, kashi 8.2. Kuma masu gwajin sun fi cire ƙari gaba ɗayansa, kashi 75 a kan 58. Sanin iyaka bai sa likita ya noƙe ba, ƙarfin gwiwa ya ƙara masa. Sai dai a gaya wa dangi tun da wuri: kwanakin farko magana takan ja baya saboda kumburi da aikin da aka yi dab da gurbinta, yawanci ta dawo cikin makonni zuwa wata uku, musamman in ana yi masa atisayen magana.

A Najeriya tiyatar ƙwaƙwalwa ta kafu ne a Ibadan a 1962 ta hannun Latunde Odeku, kuma likitocin asibitin koyarwa na garin sun buga rahotannin tiyatar da suka yi majinyaci yana farke. Mark Bernstein na Toronto ya zo ƙasashe irin su Gana da Najeriya ya koyar da ita, da hujjar cewa ta dace da inda kuɗi suka yi ƙaranci: maganin barci kaɗan, zaman ɗakin kulawa ta musamman kaɗan, sallama da wuri. Na'urar lantarkin ma ba ta kama ƙafar injin MRI a tsada ba. Abin da jirgi ba zai iya kawo mana daga waje ba shi ne tambayoyin.

A nan ƙasar Yawuri take da abin koya wa masu wannan sana'a. Tun 1978 Ojemann da Whitaker suka nuna, a kan majinyata biyu masu harshe bibbiyu, cewa akwai wuraren da lantarki ke tsayar da harsunan duka, akwai kuma inda yake ɗauke ɗaya ya bar ɗaya. To, a bakin tafkin nan mai harshe ɗaya shi ne baƙo. Bagunge yana Gunganci da tsofaffin gida, yana Hausa a kasuwa. Haka Kambari, haka Lopawa, haka waɗanda suka riƙe Shanganci. In aka gwada irin wannan mutum da Hausa kaɗai, ballantana da Turancin da bai wuce na gaisuwa ba, ana iya sallamarsa ana murna, ya isa gida ya kasa yi wa mahaifiyarsa magana da harshen da ta raine shi da shi. Kowane harshen da yake rayuwa da shi sai an gwada shi daban, kuma tafinta na kan hanya ba zai wadatar ba. Ana buƙatar kunnen da zai ji wasali ya gajarce ko karin sauti ya faɗi inda ya kamata ya tashi, cikin sakan 4, ya kuma san ko kuskure ne ko kuwa haka mutanen garinsu suke faɗa.

Akwai wani tarkon da ya shafe mu musamman. Abin da aka haddace tun yarinta, ƙirga da gaisuwa da addu'o'i da surorin salla, yakan tsira ko da sauran magana ta rushe, abin da likitocin shanyewar ɓarin jiki suka daɗe da sani. Majinyaci yana iya kawo Fatiha ba gargada a daidai lokacin da sunan cokali ya gagare shi. Don haka jin yana karatu bai isa shaida ba, sai an haɗa da gwajin da ke tilasta masa nemo kalma sabuwa. Amma ga mahaddaci ko malamin allo, haddar da karatun ajami da rubutu daga dama zuwa hagu su ne jarinsa, suna da haƙƙin a gwada su a karan kansu. Mai saƙar taru kuma yatsunsa za a sa wa ido, direban jirgi a duba ganinsa na gefe da lurarsa da hagu da dama.

Hotunan ma sai an sake su. Jerin da aka tsara a Turai cike yake da abubuwan da dattijon Shanga bai taɓa gani ba, wanda kuma bai yi boko ba zanen layi baƙi da fari yakan ba shi wahala fiye da hoton abu na zahiri. Ana buƙatar turmi da taɓarya, buta, fatsa, ƙwarya, raƙumi, babur, damin albasa, a ɗauke su hoto mai kyau, a zagaya da su wurin ɗaruruwan lafiyayyu maza da mata, masu boko da marasa shi, a ga wanne kowa ke kira da suna ɗaya. Wanda Bakano zai kira da wani suna, Bayawuri ya kira da wani, ko dai a rubuta sunayen biyu a matsayin daidai ko a fitar da shi daga jerin. Sannan a maimaita aikin da Gunganci da Kambarci. Wannan ba ya buƙatar ɗakin tiyata ko wutar lantarki mai tsayawa. Malaman harsuna na jami'o'in Sakkwato da Birnin Kebbi, da ɗalibansu 'yan asalin yankin, da likitan ƙwaƙwalwa guda da zai gaya musu irin kuskuren da yake son a kama, sun isa su fara shi a ranar kasuwar Yelwa.